Atrium: daga ɗakin hayaƙi zuwa zauren zuciya

'Yar ƙanwata tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Wata Juma'a da yamma ta same ni a zaure, littafi a hannu, bayan mun gaisa ta ce, "Kawu, wai kalma ɗaya ce ko biyu? A aji an ce mana atrium ɗaki ne a cikin zuciya. Jiya kuma katin bikin ƙawata ya zo daga Abuja, an rubuta za a yi walima a atrium na wani otal." Na ce mata kalma ɗaya ce, kuma ginin ya girmi zuciyar a wajen mallakar sunan da shekara wajen dubu biyu. Ta gyara zama. Abin da na faɗa mata a ranar, da abin da na ƙara tunawa bayan ta tafi, shi ne wannan rubutu.

Turanci aro ya yi. Kalmar ta Latin ce, harshen Rumawa, kuma ta shiga rubutun Ingilishi a ƙarni na 16 da ma'anarta ta gini kawai. Don haka sai an shiga gidan mutumin Rum kafin a gane ta. Mun yi sa'a gidajen suna nan. A shekara ta 79 miladiyya dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne garin Pompeii da toka, tokar kuma ta adana bango da daɓe da zane, har yau mutum yana iya takawa ya shiga.

Daga titi za ka bi ta wani siririn lungu. Sunansa fauces, wato maƙogwaro. A riƙe wannan, domin yana nuna cewa tun kafin likitoci su ari sunan ɗaki su ba jiki, magina sun riga sun ari sunan jiki sun ba ɗaki. Lungun yana kai ka wani babban ɗaki mai tsawon rufi, shi ne atrium. Rufin bai rufe duka ba. Ya gangaro ciki daga ɓangarori huɗu, an bar tsakiyarsa a buɗe, ana kiran kafar compluvium. Daidai ƙarƙashinta an gina wani kwarmi marar zurfi, wani lokaci da marmara, sunansa impluvium. In aka yi ruwan sama sai ya biyo indararo na yumɓu, waɗanda ake ƙera su da siffar kan zaki ko na kare, ya zuba a kwarmin, daga nan ya sauka rijiyar ajiya da ke ƙarƙashin daɓe. Bangon da ke kallon titi ba shi da tagogin kirki, saboda haka haske da iska da ruwan gidan duk ta wannan kafa suke shigowa. Hagu da dama akwai ɗakunan kwana, da wasu lunguna biyu da ake kira alae, fikafikai. Can gaba kuma ɗakin maigida ne, inda yake ajiye takardunsa.

Abin da ake yi a ɗakin ya fi siffarsa muhimmanci. Da sassafe ake buɗe ƙofa, yaran maigida da barorinsa da masu neman alfarma su cika wurin, kowa yana jiran a kira shi ya kai gaisuwa, ya karɓi ɗan abin masarufi ko alƙawarin za a tsaya masa a kotu. Duk wanda ya taɓa ganin ƙofar gidan hakimi ko ta babban attajiri a Kano ko Damagaram da hantsi ya san wannan zama, ba sai an fassara masa ba. A nan ake ajiye akwatin kuɗin gida, a nan manyan gidaje suke jera fuskokin kakanni da aka ƙera da kakin zuma don baƙo ya san asalin mai gidan, a nan masaƙar uwargida take a al'adarsu ta dā, a nan kuma ake shimfiɗe mamaci kafin a fita da shi. Vitruvius, maginin da ya yi rubutu a zamanin Sarki Augustus, ya lissafa salo biyar na gina wannan ɗaki, daga mai ginshiƙi huɗu a kusurwoyin kwarmin, zuwa marar ginshiƙi, zuwa wanda aka rufe shi ruf babu kafa.

To ina sunan ya samo asali? Rumawan kansu sun yi saɓani. Varro, masanin harshe da ya rasu shekara 27 kafin miladiyya, ya ce daga garin Atria ne, garin mutanen Etruria, wata tsohuwar al'umma ta Italiya, domin wai daga wurinsu aka kwaikwayi irin ginin. Garin yana nan a arewacin Italiya da sunan Adria, shi ne ya ba Tekun Adriatic suna, ko da yake laka da kogin Po ke kwasowa ta tura gaɓar teku nesa da shi fiye da kilomita 20. Servius kuwa, wani malamin nahawu da ya zo bayansa da shekara wajen 400, ya ce daga ater ne, wato baƙi, saboda a dā can a ɗakin murhu yake, hayaƙi ya turnuƙe rufin ya yi baƙi ƙirin. Masana harshe na yau ba su gama rabuwa da gardamar ba. Masu ja da Servius suna cewa gidajen Pompeii kicin ɗinsu daban yake. Masu goyon bayansa suna cewa ai waɗannan gidajen masu hali ne na baya-bayan nan, gidan farko ɗaki ɗaya ne da wuta a tsakiya da 'yar kafa a sama don hayaƙi ya fita.

Ni zuciyata ta fi kwanciya da bayanin hayaƙi. Na tashi na ga ɗakin girkin kakata, azarar rufinsa ta sha kunkunniya har tana sheƙi, in ka ɗaga hannu ka taɓa sai yatsanka ya yi kwana biyu bai wanku ba. In da za a sa wa wannan ɗaki suna da abin da ido ya fara gani, baƙin ɗaki za a ce. Mutane haka suke raɗa wa abubuwa suna, da abin da ke gabansu. Kuma ater ɗin ba ta mutu ba: ita ce tushen atrox, abu mai muni da firgitarwa, wadda ta haifi kalmar Ingilishi atrocity da muke ji a labaran yaƙi, wato ta'asa. In Servius ya yi daidai, ɗakin karɓar baƙi da ta'asar yaƙi 'yan uwa ne ta wajen kaka.

Bayan Rumawa sun karɓi Kiristanci sai kalmar ta fita daga gida ta koma harabar coci. Tsohuwar majami'ar Bitrus da aka gina a Rum zamanin Sarki Constantine, a ƙarni na 4, tana da fili a gabanta kewaye da rumfuna, da wurin ruwa a tsakiya inda masu shiga ke wanke hannu, kamar yadda harabar babban masallaci ke da wurin alwala. Wannan fili shi aka kira atrium. Daga nan kalmar ta yi dogon barci a littattafan masu nazarin tsofaffin gine-gine, sai da ƙarfe da gilashi suka yi araha ta farka. A 1967 wani magini Ba'amurke, John Portman, ya gina otal ɗin Hyatt Regency a birnin Atlanta, ya bar tsakiyarsa fayau tun daga ƙasa har hawa 22, ɗakuna suna kewaye suna leƙen ciki. Otal-otal da manyan kantuna na duniya suka bi sahu. Na Burj Al Arab a Dubai ya kai mita 180, na ginin Leeza SOHO a Beijing, wanda aka buɗe a 2019, ya haura mita 190. Irin wannan fili shi ne atrium ɗin katin biki. Babbar damuwar injiniyoyi da irin wannan fili ita ce hayaƙi, domin in gobara ta tashi yana zuƙe shi sama ya raba wa kowane hawa, dole sai an sa na'urorin da za su fitar da shi ta rufi. Kuma a ƙasa mai rana irin tamu, rufe tsakar gini da gilashi tara zafi ne, sai an yi ta ƙona man janareto ana sanyayawa. Tsakar gidanmu mai bishiyar darbejiya da sararin sama ta fi kusa da hikimar ainihin atrium fiye da wasu gine-ginen da ke ɗauke da sunan.

Yanzu mu shiga ƙirji. Zuciyar mutum ɗaki huɗu ce, biyu a sama, biyu a ƙasa. Jinin da ya gama zagaya jiki ya sauke iskarsa yana dawowa ta manyan jijiyoyi biyu ya zuba a ɗakin sama na dama, ya sauka na ƙasa, shi kuma ya tura shi huhu. Daga huhu ya dawo ja wur ta jijiyoyi huɗu zuwa ɗakin sama na hagu, ya sauka na ƙasa na hagu, wanda ya fi kowanne kaurin bango, ya harba shi ko'ina cikin jiki. Kimanin lita 5 ke wucewa a minti guda in mutum yana hutawa. Ɗakunan sama biyun nan, masu karɓar baƙo su miƙa shi ciki, su ne atrium na dama da na hagu.

Sai dai ba su daɗe da wannan suna ba, kuma dalilin jinkirin shi ne an daɗe ba a ɗauke su ɗakuna ba. Jalinus, likitan Girka da ya yi aiki a Rum a ƙarni na 2, wanda maganarsa ta yi mulkin likitanci fiye da shekara dubu, yana ganin zuciya ɗaki biyu ce, na saman kuwa bakin jijiyoyi ne da ya buɗe. Abin da ido ke fara gani a wurin shi ne wasu 'yan leɓatu biyu masu lanƙwasa, manne a saman zuciya, kamar kunnen ɗan kwikwiyo. Girkawa suka ce kunnuwa, Latin ta ce auricula, ɗan kunne. Ɗakunan ƙasa kuma aka ce ventriculus, ɗan ciki. Har yau Larabci yana kan wannan, uzain da buɗain, ɗan kunne da ɗan ciki, Faransanci ma ya daɗe yana cewa oreillette, wanda 'yan uwanmu na Nijar suka karanta a makaranta. Jalinus ya kuma ce jini yana ratsawa daga dama zuwa hagu ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani a bangon tsakiya. Ibn al-Nafis, likitan Dimashƙu da ya zauna Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya fito fili ya ce bangon a toshe yake, jini ta huhu yake bi. William Harvey na Ingila ya kammala bayanin zagayen jini a 1628, ya kuma lura cewa bugun yana farawa ne daga waɗannan kunnuwa kafin ya sauka ƙasa.

Da aka yarda cewa wurin ɗaki ne mai zaman kansa, sai sunan kunne ya yi masa kaɗan. Leɓatun wani ɗan lungu ne kawai a jikin ɗakin. Jamusawa suna ce wa ɗakin Vorhof, farfajiyar gaba, na ƙasa kuma Kammer, ɗaki. A 1895 masana ƙirar jiki suka taru a birnin Basel na Suwizalan don su tsefe sunayen da suka yi yawa, sassa da dama suna da suna uku ko huɗu, suka tsayar da jeri guda na Latin. A jerin aka ba ɗakin atrium, aka bar wa leɓatun auricula. Ingilishi ya yi nawa wajen bi. Likitocin Ingila sun ci gaba da cewa auricle shekaru da yawa cikin ƙarni na 20, mu ma da shi aka koya mana a sakandare, shi ya sa uba da 'yarsa za su iya yin musu a kan sunan ɗaki guda, alhali kowa abin da malaminsa ya rubuta a allo yake faɗa.

Ga inda maganar ta shafe mu. 'Yar ƙanwata gobe za ta tsaya gaban tsohon da bai taɓa jin Latin ba, dole ta gaya masa abin da ke damunsa. Na ji masu fassara a rediyo suna cewa ɗakin sama na zuciya, ba laifi, amma bai faɗi aikin ɗakin ba. Ni ina ganin muna da kalmar da ta dace tun kaka da kakanni: zaure, ko soro a bakin Bakano. Ɗakin da baƙo ke fara sauka, ya ɗan dakata, sannan a yi masa iso. Zauren zuciya na dama, zauren zuciya na hagu. Wanda ya ji sau ɗaya ya gane, ba zai manta ba. Abin da masana ƙirar jiki na Turai suka yi ke nan, sun duba gidan da suka sani suka ɗauko suna. Babu wani tsarki a Latin da ya hana Hausa yin irinsa, mu da muke cewa bakin ƙofa, da cikin gida, da gindin bango, da bakan gizo ga lanƙwasar rufin soro irin wadda Babban Gwani ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya.

Amma a wajen gini zaure ba zai ɗauki kalmar shi kaɗai ba. Gidan Bahaushe ya raba abin da gidan Rumawa ya haɗa. A wurinmu baƙo namiji iyakarsa zaure, tsakar gida kuwa, inda sarari da murhu da randa suke, ta iyali ce, akwai shigifa a tsakani tana tsare ido. Mutumin Rum ya tara su wuri guda, yana so baƙo ya ga dukiyarsa da kakanninsa da masaƙar matarsa. Don haka atrium na Pompeii zaure ne ta wajen aiki, tsakar gida ta wajen siffa. Na coci haraba ce. Na otal tsakar gini ce mai rufin gilashi. Mai fassarar da ya nace sai kalmar Hausa guda ta bi ta Ingilishi duk inda ta je zai ɓatar da mai karatu.

Ko a zuciyar ma, kama da wane ba ta wane. Sunan zaure, da na atrium ɗin kansa, yana sa mutum ya zaci ɗaki ne da ke zaune kurum jini na wucewa. Ba haka ba ne. Bangonsa nama ne mai motsi, siriri, bai fi milimita 2 zuwa 3 ba, kuma a ƙarshen kowace cika yana matsewa ya ƙara tura kimanin kashi ɗaya cikin biyar na jinin da ɗakin ƙasa ke buƙata. Ban da haka, umarnin bugun zuciya gaba ɗaya daga zauren dama yake fitowa. A 1907 Arthur Keith da Martin Flack suka gano wani ɗan ƙulli a bangonsa, kusa da inda babbar jijiyar sama ke shiga, shi ke sakin ɗan lantarkin da ke tada kowane bugu, sau 60 zuwa 100 a minti ga babba mai hutawa, kuma yana wannan aiki tun daga cikin uwa har ranar da kwana ya ƙare. A 1981 kuma Adolfo de Bold, a Kanada, ya nuna cewa bangon zauren yana ɗauke da wani sinadari da ke gaya wa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa, wanda bangon ke saki in jini ya yi yawa ya miƙar da shi. Wato mai gida a zauren yake zaune, daga nan yake ba da umarni. A nan kam gidan Rumawa da na Hausa sun yi daidai da zuciya fiye da yadda masu raɗa sunan suka sani.

In wannan umarni ya rikice, ana samun ciwon da likitoci ke kira atrial fibrillation. Maimakon zauren ya matse sau ɗaya da ƙarfi, sai ya yi ta karkarwa sau ɗaruruwa a minti ba tare da ya tura komai ba. Mutum ya ji ƙirjinsa na faɗuwa, bugun hannunsa ba tsari, ya gaji da ɗan tafiya. Jinin da ba ya gudu yakan daskare, kuma wurin da ya fi daskarewa shi ne cikin ɗan kunnen nan na hagu, lungun da aka bar wa sunan auricula. Gudan jinin in ya ɓalle ya bi jijiya ya toshe wata hanya a ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. Ciwon yana ninka haɗarinta kusan sau biyar. A ƙasashen Turai galibi ciwon tsofaffi ne da masu hawan jini. A wajenmu yana kama har matasa, saboda ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba yana iya komawa ya lalata ƙyauren da ke tsakanin zauren hagu da ɗakin ƙasa, ƙofar ta tsuke, jini ya taru, zauren ya kumbura. Wannan ne ya sa nake damuwa da sunan. Uwar da aka ce mata ƙofar zauren zuciyar 'yarta ta tsuke za ta gane dalilin allurar wata-wata da ake yi wa yarinyar don kare zuciyar, ba za ta daina kai ta ba don ta ga yarinya ta miƙe tana wasa.

Da Babbar Sallah ta zo, na ce wa mahaucin da ya feɗe mana rago ya ajiye mini zuciyar kada a soya. Na kira 'yar ƙanwata, muka sa ta a faranti a tsakar gida. Na nuna mata kunnuwan biyu, masu taushi, gefensu kamar an yi musu cin bakin zane. Ta sa wuƙa ta buɗe na dama, ta ga cikinsa da layi-layi kamar haƙoran matsefi, ta tsaga ɗakin ƙasa na hagu ta ga bangon ya fi kaurin babban yatsanta. Sannan na ce ta shafa bangon da ya raba zaurukan biyu. Ta shafa, ta tsaya, ta ce, "Kawu, akwai wani ɗan loɓawa a nan, wurin ya fi siriri."

Wannan gurbin tsohuwar ƙofa ce. Ɗan tayi a ciki ba ya numfashi, ta cibiya yake samun iska, don haka mafi yawan jininsa ba ya buƙatar zuwa huhu, akwai kafa da yake bi kai tsaye daga zauren dama zuwa na hagu. Da jariri ya faɗo ya ja numfashin farko ya tsala kuka, huhu ya buɗe, jini ya cika zauren hagu, ya danna wani ɗan labule ya rufe kafar, cikin watanni ta manne. A wajen kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba ta mannewa gaba ɗaya, yawancinsu kuma har su tsufa ba su sani ba. Ta ɗaga naman ta saita shi da rana, haske ya ratso ta wurin siririn, ja-ja. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauko littafinta, a gefen zanen zuciya inda aka buga atrium ta rubuta zaure da biro.